Shekarar da Na Yanke Saiwar Bishiyoyin Mista Karlo

Saratu da Yakubu, wannan babin naku ne, domin ku biyu kun yi wayo a lokacin, kuma na sha jin yadda kuke ba da labarin a gaban baƙi. Kuna cewa Mama ta samu aiki a babban asibiti a Manhattan ta ƙi, saboda wani tsohon Bature ya mai da ita 'yar ƙwadagon lambunsa. Mutane su yi dariya, ni ma in taya su, don ba na son in gyara muku magana a gaban surukai. Amma yanzu gwiwoyina sun zaunar da ni, lokaci ya yi mini yawa, bari in rubuta muku yadda abin ya faru ku ajiye.

A lokacin muna hawa na huɗu a Park Hill, wata unguwa a kan wani tsibiri na birnin New York. Babanku Bulus yana tuƙa bas, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Kamfanin da nake yi wa aiki ya tura ni gidan wani dattijo a can ƙasan tsibirin, sai na hau bas biyu kafin in isa. Matar da ta ba ni adireshin ta gaya mini gaskiya, ta ce ni ce ta biyar. Huɗun da suka riga ni duk ya kore su, ɗaya ma jifanta ya yi da cokali. Sunansa Mista Karlo, ya haura shekara tamanin, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, yana kan keken guragu, amma hannunsa na dama da bakinsa lafiyarsu ƙalau. Iyayensa mutanen Italiya ne, shi kuma ya tashi ne a gonakin ceri na arewacin jihar, inda babansa ya yi aiki har ya mutu. Da neman abinci ya kawo shi birni, sai ya sayi gida mai dogon fili a baya, shi da matarsa suka dasa ceri tara a layi biyu. Bai taɓa kiran wurin lambu ba. Gona yake cewa. Ku kun san ceri, amma idan littafin nan ya kai hannun 'yan'uwanmu a Zonkwa, to ɗan itace ne ja, bai fi ɗinya girma ba, da ƙwallo ɗaya a ciki, kuma sau ɗaya yake nuna a shekara, a farkon zafi.

Makona na farko bai ce mini komai ba sai "ruwa" da "fita". Kullum yana gaban tagar baya yana kallon bishiyoyin. Ƙarshen kaka ne, ganye yana zuba, sai na ga yadda suke: dogaye sosai, rassa sun miƙe sama sak kamar an jera gora, sun cushe da juna, wasu har sun kusa taɓa wayoyin lantarki. Wata safiya ina goge tagar, na yi magana ni kaɗai da ƙarfi, da Turancina na wancan lokacin. Na ce bishiyoyin nan sun ƙoshi da yawa, ba za su haihu ba. Sai na ji ƙarar keken ya juyo.

"Me kika ce?"

Na maimaita, ina kallon hannunsa ko akwai cokali.

"Wa ya gaya miki?"

Na ce babana. Na ba shi labarin kakanku, yadda idan mangwaro ya cika ganye ya ƙi 'ya'ya yakan ɗauki adda ya sassari bawon gindinsa, ya ce sai ya ji jiki zai tuna da aikinsa.

"Babanki manomi ne na gaske," in ji Mista Karlo. "Zauna."

Ranar nan shayinsa ya huce bai sha ba. Ya gaya mini cewa tun da ciwo ya kwantar da shi, 'yarsa Anjela ta riƙa kiran wasu masu yankan itace su rage wa bishiyoyin tsawo a tsakiyar sanyi, su datse kawunansu kamar masu aski. Masu gyaran ciyawa kuma suna zuba taki duk bazara don ciyawa ta yi kore. Bishiya kuwa, in ji shi, idan ka sare mata kai ka bar mata saiwarta duka, ga taki, sai ta rama. Inda ka yanke reshe ɗaya ta fitar da biyar, duk su nufi sama, ƙarfinta ya ƙare a itace da ganye. Shekara huɗu ke nan bai ci ceri daga gonarsa ba. Ya ce maganin ba a sama yake ba, a ƙasa yake. A rage mata saiwa, ta rage shan ruwa da abinci, sai ta daina tseren tsawo ta koma yin fure. Ya faɗa wa Anjela, ya faɗa wa masu yankan, kowa ya ɗauka ruɗin tsufa ne.

Ba na son ku ɗauki Anjela a matsayin muguwa, domin ba ita ba ce. Ita kaɗai ce 'yarsa, tana zaune a New Jersey da aiki da yara uku, maƙwabci yana kiranta a waya kullum a kan ganye da inuwa, ita kuma tana tsoron reshe ya faɗa wa wayar lantarki gida ya kama wuta da babanta a ciki. Bayan Kirsimeti ta zo ta ce ta gama magana da masu sara, a watan Maris za a tuge duka tara. Ya yi ihu, ta yi kuka, ta tafi. Daga ranar ya rufe bakinsa. In kai abinci ya kau da kai, magani ma sai na yi ta lallashi. Cikin mako biyu wandonsa ya yi masa yawa. Anjela ta ce mini a ƙofar gida, idan ya ci gaba da haka, ko kuma idan ni ma na bar aikin, gidan tsofaffi za ta kai shi, don ba ta da ƙarfin neman ta shida.

A daidai wannan lokacin ne takardar asibiti ta iso. Shekara biyu ina zuwa makarantar yamma saboda ita. Aiki ne na mataimakiyar nas, da albashi mai kyau, da hutu, da fansho. An ce in fara a farkon Maris. Babanku ya karanta takardar sau uku a tsaye, ya kira ɗan'uwansa a Kaduna, ya faɗa wa fasto kafin ma in faɗa wa ƙawayena na zumuntar mata. Har ya fara duba gidaje masu fili a bayansu. Ni kuma na ɗauki kwana goma ban sa hannu ba. Ranar Lahadi, mun dawo daga coci ina zuba tuwo, na ce masa ina ganin ba zan karɓa ba. Ya ajiye cokalin miya a hankali.

"Maman Saratu, sake faɗa in ji."

"Idan na tafi za su kai shi gidan tsofaffi. Ba zai kai Ista ba."

"To ubanki ne? Yana da 'ya. Ke kina da naki 'ya'yan, ga su nan zaune. Shekara biyu ina dafa musu abincin dare kina makaranta, don ki ƙare a wanke wa mutum ɗaya ƙafa?"

"Ba wanke ƙafa kaɗai ba ne."

"To mene ne?"

Ke Saratu kika tashi da farantinki, kika ce da Turanci wannan ba adalci ba ne, kika shige ɗaki. Kina da gaskiya ta wani ɓangaren, kuma ban manta ba. Amsar da ban ba babanku ba a ranar ita ce wadda nake son ku ji yanzu. Tausayin tsohon yana ciki, ba na musu. Amma akwai son raina a ciki, kuma shi ne ya fi yawa. Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar nan ban taɓa ƙasa da hannuna ba. Daga bene zuwa bas, daga bas zuwa ɗakin wani, daga nan zuwa kanti. Ni da na tashi da fartanya a kafaɗa, na san ƙanshin gona kafin in san ƙanshin sabulu. Tun ranar da mutumin nan ya yi mini bayanin saiwa, na kasa daina tunaninta. Ina so in ga ko gaskiya ne. Ina so in haƙa da kaina. Kunya ce ta hana ni faɗa, don wace uwa ce za ta ce ta bar aikin fansho saboda tana marmarin shebur? To yau na faɗa. Babu wanda ya sa ni. Mista Karlo ma bai san da takardar ba sai bayan wata uku, kuma da ya ji sai da ya zage ni tas, ya ce ba ni da hankali.

Na rubuta wa asibiti na gode musu. Sannan na tari Anjela ranar da ta kawo kayan cefane, na ce ta ba ni daga yanzu zuwa watan Yuli na shekara mai zuwa. Idan bishiyoyin ba su lafa ba, idan ba su yi 'ya'ya ba, ni da kaina zan riƙe hannun babanta ranar da za a sare su.

"Rifkatu, ke ma kin yarda da wannan maganar tasa?"

"Ban sani ba tukuna. Amma shi ya sani, kuma ni ina da hannu."

Ta ce kamfaninmu bai yarda in yi aikin fili ba. Na ce ba a lokacinsu zan yi ba, sai na tashi aiki, da kuma ranar Asabar. Ta tsaya da leda a hannu tana kallon babanta ta ƙofar falo, ya rame sai idanu. Ta ce to, ta ji. Da yammacin ranar ya cinye kwanon taliya, ya ce gishiri bai ji ba.

Sai da muka jira ƙasa ta saki, don a watan Fabrairu ko diga ba ta shigarta. Ya ce lokacin kaɗan ne: bayan ƙanƙara ta narke, kafin bishiya ta farka ta yi fure. Ya sa na shiga rumbun kayansa na fito da wani tsohon shebur mai miƙaƙƙen baki, ya koya mini wasa shi da zarto har ya iya yanka takarda. Asabar ta biyu a Maris na naɗe shi da bargo biyu da hula, na tura kekensa kan katakon da muka shimfiɗa har gindin bishiya ta farko. Ya ba ni igiya da turaku biyu. Ya ce in yi taku uku daga gindi, in ja layi miƙaƙƙe, a gefe ɗaya kawai. Ramin kada ya wuce faɗin shebur, zurfinsa kuma zuwa gwiwata. Ƙananan saiwoyi in datse su da shebur. Waɗanda suka kai kaurin wuyan hannu in share musu ƙasa in yanke da zarto, yanka mai kyau, ba fizga ba, don rauni mai tsabta ne yake warkewa. Idan na ci karo da mai kaurin cinya in bar ta, ita ke riƙe da bishiyar. Kuma duk ramin da na buɗe sai na mai da ƙasarsa a ranar, kada iska ta busar da saiwa.

Ban taɓa sanin ƙasar New York haka take ba. Laka ce mai nauyi, ga duwatsu, ga fasassun kwalabe, har wani tsohon takalmin doki na tono. Yatsuna suka ƙage a cikin safar hannu, hancina yana zuba, bayana yana kuka. Shi kuma yana zaune yana nuni da sandarsa yana faɗa.

"Kin matso da yawa! Koma baya! So kike ki kashe ta?"

"Mista Karlo, taku uku ka ce."

"Takun mutum na ce, ba takun kaza ba!"

Na yi dariya har na zauna a bakin ramin. Da na yanke saiwa ta farko mai kauri, na ɗago ta na nuna masa, cikinta fari yana naso, ya karɓa ya shinshina ya ce lafiyarta lau. Ranar nan bishiya ɗaya kawai na gama. Na dawo gida da laka har gwiwa, mutane a bas suna matsawa. Na yi barcin da rabona da irinsa tun ina budurwa.

Babanku ya yi makonni ba ya yi mini magana sai ta dole. Ku kun ɗauka fushi ne kawai, amma ni na lura duk Asabar idan na dawo ina tarar da ruwan zafi a bokiti da man zafi a kan gado. A Asabar ta huɗu ina ɗaura ɗankwali sai na gan shi ya sa tsohon wandonsa.

"Ina za ka, Baban Saratu?"

"Zan je in ga gonar da ta fi asibiti. Kuma idan kika karya bayanki ni zan sha wahala."

Saura bishiya biyu a ranar, kuma 'yan ƙullutun fure sun fara kumbura, lokaci yana ƙurewa. Sai aka yi rashin sa'a Anjela ta zo ta ɗauki babanta zuwa ganin likita, aka bar mu mu biyu. Babanku ƙarfi gare shi, kafin azahar mun gama duka biyun. Ta ƙarshen, wadda ke kusa da shinge, ita ce ta fi kowacce tsawo, ita ce ke neman wayar lantarki. Na tsaya ina kallonta, na ce a raina wannan gefe ɗaya ba zai ishe ta ba. Kada ku ɗora wa babanku wannan, domin har tambayata ya yi ko haka tsohon ya ce. Na ce ai na riga na gane aikin. Muka haƙa ɗaya gefen ma, kuma na matso kusa da gindi fiye da yadda aka koya mini, muka mai da ƙasa muka daddale. Ban faɗa wa Mista Karlo ba.

Bazarar ta zo, fure kaɗan, 'ya'ya ba su fi cikin kwano ba, su ma tsuntsaye suka riga mu. Babanku ya ce wannan ne amfanin gonar? Mista Karlo bai damu ba, ya ce furen bana tun bara aka ƙulla shi, namu aikin sai baɗi zai nuna. Abin da yake kallo shi ne sabon toho. Ya sa ni in riƙa janyo reshe ina auna masa da hannu. Inda a da suke ƙara tsawon hannu guda har kafaɗa, bana da ƙyar suka yi taƙi ɗaya. Sai ga zafi ya zo da fari, mako biyar babu ruwan kirki. Bishiyar da aka rage wa saiwa ba ta jure ƙishi, don haka kullum kafin in tafi gida sai na ja tiyo na bi su ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana zuba a hankali. A watan Agusta babanku ya hau tsani da zarto, tsohon yana ƙasa yana nuna masa waɗanda zai cire, aka sauke dogayen rassan nan, rana ta shiga tsakiyar bishiyoyin. Ya ce yanzu ba za su rama ba, don ba su da ƙarfin ramawa.

A ƙarshen watan ne aka yi wata iska mai ƙarfi da ruwa. Da safe na shigo ta ƙofar baya na ga ta kusa da shingen nan a kwance, ta danne shingen maƙwabci, gindinta a sama. Allah ya taimaka ba ta taɓa waya ba, ba ta taɓa mutum ba. Amma duk wanda ya kalli gindin zai ga yanka biyu, dama da hagu, sumul. Na tura kekensa har wurin, don ya ce sai ya gani. Ya kalla ya kalla. Na durƙusa a gefen keken kamar yadda ake yi wa babba a gida, na ce ni ce, na yi gaban kaina, ya yafe mini.

"Kin san wace ce wannan?" ya tambaye ni.

Na ce a'a.

Ya ce a cikin taran, bakwai iri ɗaya ne, kuma irin nan ba ya haihuwa shi kaɗai. Sai ƙudan zuma sun kwaso garin fure daga wani iri daban sun kai musu. Shi ya sa ya dasa biyu na dabam, ɗaya a kowane ƙarshen layi. Wannan da ta faɗi ɗaya ce daga cikinsu. Yanzu saura ɗaya, a can ɗaya ƙarshen, kuma bai sani ba ko za ta wadatar. Ina jiran ihu, ina jiran ya ce in fita. Sai ya ce yana ɗan shekara goma sha tara ya yi wa babansa irin wannan, layi guda na bishiyoyi, kuma babansa bai yi masa magana ba har aka gama girbi.

"Ni ba ni da lokacin yin fushi mai tsawo haka," ya ce. "Tashi, ƙasa a jiƙe take. Je ki dafa mini kofi."

Ni da babanku muka gyara shingen maƙwabci da hannunmu a Asabar biyu. Na ga fuskar Anjela, na san tana ƙirga watanni. Wannan sanyin ya yi mini tsawo. A zumuntar mata ana tambayata yaya asibiti, in ce ban je ba. Wata da muka yi makarantar yamma tare ta karɓi irin aikin, ta zo coci da sabuwar mota. Ba zan ce muku ban ji komai ba. Akwai safiyar da nake tsaye a tashar bas cikin dusar ƙanƙara na tambayi kaina ko babanku ne mai gaskiya.

A Afrilu suka yi fure. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, kun dai ga hoton da ke falo, kuma hoton bai kama rabinsa ba. Takwas ɗin duka fari fat tun daga ƙasa, ba a sama kaɗai ba. Mista Karlo bai tsaya sha'awa ba. Ya sa na yanko rassa masu fure daga wadda ta rage ta dabam ɗin, na zuba su a bokitai da ruwa, na rataye a jikin bishiyoyin da suka fi nisa da ita, don ƙudan zuma su samu a kusa. Kwana goma ina canza ruwa ina canza rassa. Furen ya zube, muka jira. Wata safiya na janyo reshe na ga 'yan ƙananan kore kamar ƙwayar gujiya, a tsumbure, biyar biyar, shida shida. Na ruga cikin gida ban ko cire takalmi ba. Ya ce in kwantar da hankalina in je in nemo raga, in ba haka ba tsuntsaye za mu noma wa.

A makon farko na Yuli muka tsinka. Anjela ta zo da yaranta, maƙwabcin nan mai ƙorafi ya zo da nasa kwano. 'Ya'yan ba su kai na kanti girma ba, tsohon ya ce haka rage saiwa yake yi, amma zaƙinsu ya fi. Bishiyoyi biyu na can ƙarshe ba su yi sosai ba, wannan laifina ne, kuma duk shekara sai na tuna. Sauran kuwa har sai da muka tokare rassa da sanduna. Anjela ta same ni a bayan gida ina wanke bokiti, ta rungume ni da jan bakinta na ceri, ba ta ce komai a kan masu sara ba, ni ma ban tambaya ba. Mista Karlo ya ƙara shekara huɗu a gidansa, a ɗakinsa ya cika, da rana, taga a buɗe. Asibiti ba su sake kirana ba, ni ma da na sake nema shekaruna sun ja. Ba mu sayi gida mai fili ba. Kun yi karatu da wahala fiye da yadda za ku yi da na karɓi aikin, na sani, kuma ina roƙonku gafara a kan wannan ɓangaren. Amma idan kuka tambaye ni ko na yi nadama, ba zan yi muku ƙarya don ku ji daɗi ba. Ban yi ba.

Washegarin tsinkar farko, Anjela ta cika mana babban bokiti, muka ce za mu kai wa 'yan'uwa a Harlem. Muka hau bas zuwa St. George muka shiga jirgin ruwa. Na ce wa babanku ya ajiye bokitin a ƙasa ya ƙi, ya ɗora a cinyarsa ya rungume da hannu biyu, cikin rigarsa ta zuwa coci. Wani dattijo da ke zaune a gabanmu ya ji muna Hausa ya yi mana sallama, daga jin harshensa mutumin Kumasi ne. Aka gaisa, aka tambayi gida. Idonsa yana kan bokitin. Babanku ya buɗe ya ce ya ɗiba. Ya ɗauki ɗaya ya ci, ya ɗaga gira, ya ƙara uku.

"Kai, wannan ba irin na kanti ba ne. A ina kuka saya?"

Ina shirin in ce na gidan da nake aiki ne, babanku ya riga ni. Ya gyara zama, ya nuna ni da haɓa.

"Ba saya muka yi ba, Alhaji. Matata ce ta noma."